Za mu kai yara Zanzibar kallon murjani, amma ni kaɗai na taɓa iyo

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Katsina. Na daɗe ina tari don in kai iyalina hutu Zanzibar, yara su ga kifaye da murjani da idonsu, irin kallon nan da ake sa gilashi da bututun numfashi a kwanta a saman ruwa. Mu shida ne: ni, uwargida, 'yata mai shekara 14, ɗana mai 11, ƙanensa mai 8 wanda yake da sikila, sai auta mai 4. Ni kaɗai na taɓa iyo, shi ma tun ina yaro a dam ɗin Ajiwa. Wani abokina ya ce ba sai an iya ruwa ba, rigar ceto za a ba kowa. Hajiyata kuwa ta ce ba ta yarda a tsoma mata jikoki a teku ba. Uwargida na son shiga, amma tana tunanin sutura. In fasa ne, ko yaya zan yi?

Abban Nafisa, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Wa alaikumus salam, Abban Nafisa. Kada ka fasa. Amma ka cire wa ranka cewa ku shida za ku faɗa ruwa rana ɗaya a wuri ɗaya. A yadda ka zayyana iyalinka, mutum huɗu ne za su iya kaiwa ga kallon murjani daga kwalekwale, su ma sai in sun koyi abin da za mu faɗa tun kuna gida. Sauran biyun bakin gaɓa ne nasu, kuma ba a cuce su ba.

Maganar abokinka rabinta gaskiya ce. Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, don haka ya fi ruwan dam ɗaga mutum, ga kuma riga. Sai dai riga jiki take ɗagawa, ba ta hana firgita. Yadda abin yake faruwa ga wanda bai saba ba kusan iri ɗaya ne kullum: igiyar ruwa ta zubo cikin bututu, ya shaƙa, ya ƙware, ya ɗago kai a ruɗe, ya nemi ƙasa da ƙafa bai samu ba, sai ya cafki wanda ke kusa da shi ya danne. In na kusa da shi yaro ne, kun shiga uku. Kuma mai nutsewa ba ya ihu, domin duk iskar da ya samu numfashi yake nema da ita. Shiru ake nutsewa, wani lokaci a gaban mutane.

Shi ya sa muke ganin Hajiya ta fi abokinka kusa da gaskiya. Wanda ya ji labarin kifewar jirgin ruwa a Bagwai a 2021, inda ɗaliban Islamiyya suka rasu, ba za a ce masa tsoron ruwa ƙauyanci ba ne. Kada ka je mata da gardama, kada kuma ka ce mata "to" alhali ka ƙudurta yin abin da ta hana. Ka zauna ka faɗa mata dalla-dalla: auta da mai sikila ba za su wuce inda ruwa ya kai musu gwiwa zuwa ƙugu ba, manyan biyu sai sun koyi iyo a gabanka, kowa da rigar ceto, kowane yaro da babban da ke riƙe da shi. In ta ga hoton yaran suna koyo a wurin ninkaya, hankalinta zai fi kwanciya. In bayan duk wannan ta tsaya a kan bakanta, ka bi nata. Akwai kwalekwale mai gilashi a ƙasa a wasu wuraren, ana kallon kifi daga ciki ba a jiƙe ba, sai ka tambaya a masauki.

Koyon ya fara yanzu, ba a Zanzibar ba. Ku nemi wurin ninkaya na otal a Katsina ko Kano da wanda zai koyar, uwargida da Nafisa kuma a nemi lokacin da babu maza. Kada a kai su kududdufi ko dam, saboda tsargiya da laka da ramukan da ba a gani. Ba gasar iyo ake nema ba. Abu uku ne: mutum ya iya sa fuskarsa cikin ruwa yana fitar da iska ba tare da ya razana ba, ya iya juyawa rigingine ya saki jiki ya yi minti biyu yana shawagi, ya iya tafiyar mita 25 ba tare da ya taka ƙasa ba. Na biyun ya fi sauran muhimmanci, shi ne mafita daga kusan kowace matsala. Kai ma kana cikin masu gwajin nan. Iyon yarinta a Ajiwa daban, jikin magidanci daban, kuma in kana da hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ka ga likita tukuna. Duk wanda ya ji numfashi ya yi masa wuya a cikin ruwa ba tare da ya yi wani aikin wahala ba, ko tari ya taso masa, ya cire bututu, ya ɗaga hannu, a fitar da shi nan take.

Kaya kuwa, ku sayi gilashinku da bututunku. Na haya sau da yawa na manya ne, ya buɗe, yana yoyo a fuskar yaro. Gwajin gilashi mai sauƙi ne: ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyarsa ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne, ya yi daidai. In ya faɗo, nemi wani. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙara matse igiya in ruwa na shiga, alhali matsewa lanƙwasa robar take yi, yoyon ya ƙaru. Abin da ke jawo yoyo galibi gashi ne ko bakin hula da ya shiga ƙarƙashin roba. Gemu ba ya hana komai, gashin baki ne matsala, sai ka rage na ƙarƙashin hanci. Sabon gilashi yana yin hazo. A goge cikinsa da man goge baki fari a wanke, sannan kafin kowace shiga a ɗiga sabulun wankan jarirai ɗigo ɗaya, a shafa, a ɗauraye sama-sama. Mai sa tabarau ya sani ba ya shiga ƙarƙashin gilashin, amma ana sayar da mai ƙarfin magani.

Kada ka sayi irin wanda ke rufe fuska gaba ɗaya, duk da shi ya fi ɗaukar ido a intanet. In ƙirarsa ba ta da kyau, iskar da aka fitar tana taruwa a ciki a sake shaƙarta, mutum ya ji jiri da ciwon kai, kuma yana da wuyar cirewa da gaggawa. Ko bututu na gargajiya ma yana riƙe ragowar iskar da ka fitar, shi ya sa ake numfashi a hankali, mai zurfi. Gajeren numfashi da sauri yana nufin tsohuwar iska kake ta juyawa. Yara kuma a saya musu ƙaramin bututu, na manya ya fi ƙarfin huhunsu. A fara a gida: a cika baho, yaro ya durƙusa ya sa fuska ya yi numfashi ta bututu har ya ƙirga hamsin. Sannan ka ɗiga masa ruwa kaɗan a ciki da saninsa, ya koyi hura shi waje da ƙarfi sau ɗaya, ya ja numfashi na gaba a hankali. In ya ƙware, dokar ita ce: tofar da bututu, juya rigingine, yi tari, huta.

Rigar ceto iri biyu ce, kuma ana rikita su. Akwai siririya da ake hurawa da baki, ta waɗanda suka iya ruwa ce. Ku mai soso a ciki kuke buƙata, wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka. Ta yaro dole ta kasance da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Bayan an ɗaure, ka kama kafaɗun rigar ka ja sama. In ta haura kunnensa ta yi masa yawa, a ruwa zai zame ta ƙasa. Da za ka ji ta tamu, ka tafi da ta ƙananan biyun daga gida, domin ƙaramar riga ita ce aka fi rasawa a kwalekwale. Robar hannu da taya ta hurawa kayan wasa ne, iska tana iya jan su da yaron zuwa cikin teku.

Batun sutura ba shi da wuya, amma a nan ne mata suka fi shiga haɗari. Dogon hijabi da zani da doguwar riga in suka jiƙa suna nauyi, suna naɗe ƙafa, hijabi yana iya tasowa ya rufe fuska da bakin bututu. Auduga da atamfa ba na ruwa ba ne. Abin da ya dace shi ne yadin kayan wasanni wanda ba ya shan ruwa: dogon wando zuwa idon sawu, riga mai dogon hannu da ta sauko kusa da gwiwa wadda ake ɗaure ta da wandon don kada ta taso, da hula mai rufe kai da wuya wadda ta kama fuska, babu fil babu allura. Rigar ceto tana ƙara rufe ƙirji da baya. A ajiye babban hijabi busasshe a kwalekwale, da an fito a zura. Kai da samarin wando mai rufe cibiya zuwa gwiwa, da riga. Rigar tana da wani amfanin: Zanzibar na kusa da tsakiyar duniya, mai kwance a saman ruwa kuma ba ya jin zafin rana har sai ƙeya da bayan ƙafa sun ƙone. Baƙar fata ma tana ƙonewa. A shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama a inda tufa bai rufe ba, minti ashirin kafin shiga. Mutanen Zanzibar mafi yawansu Musulmi ne, ba wanda zai yi wa uwargida kallon baƙuwa don ta rufe jikinta.

Yanzu yaron nan mai sikila, wanda shi ya fi damunmu a wasiƙarka. Abubuwan da ke tayar da ciwon sun taru a tafiyar kwalekwale: sanyi, ƙishirwa, gajiya. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan ninki 25, don haka ruwan da kai za ka ji da ɗumi yana iya sanyaya shi cikin ɗan lokaci, sannan ya fito iska ta buge shi a jiƙe. Ku ga likitansa makonni kafin tafiya, a faɗa masa har da doguwar tafiyar jirgin sama, a rubuta muku takardar bayanin ciwon da Turanci, a ba ku maganin ciwo da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kuma maganin ya zauna a jakar hannu. In likita ya amince ya shiga ruwa, to a bakin gaɓa, da rana ta ɗaga, minti goma zuwa sha biyar, a fito a goge shi a sauya masa busassun kaya nan take, ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba. Da ya fara rawar ɗari an gama na ranar. Kafin ka biya kuɗin masauki ka tambayi nisansa da asibiti. Ka kuma gaya masa tsarin tun a gida, don kada ya ga yayyensa sun hau kwalekwale ya ɗauka an ware shi. Gilashi zai samu kamar kowa, kuma ana ganin ƙananan kifaye a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Auta kuwa ba ta kai bututu ba; wasan rairayi da riga a jikinta, hannun babba a kusa.

Wannan yana nufin ranar fita kwalekwale sai kun rabu biyu: yau kai da manyan biyu, uwargida na gaɓa da ƙanana, gobe ita da Nafisa, kai kana gadi. Ranar da kake da yara biyu, ɗan jagora ya riƙe ɗaya, kai ɗaya. Kada a taɓa cewa "kowa na kallon kowa".

Wurin sauka yana da alaƙa da cikowa da janyewar teku, abin da baƙo daga Arewa bai saba gani ba. Sau biyu a yini ruwan yake cikowa ya janye, kusan awa shida tsakani, kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti 50 kowace rana. Wata ne ke jan sa, don haka lissafin watan Musulunci zai yi maka aiki: a farkon wata da ranakun 14 zuwa 16 bambancin ya fi girma, yana kusan mita huɗu a Zanzibar, ruwa kuma ya fi gudu, wajen 7 ga wata da 22 ya fi lafawa. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, su Paje da Jambiani, teku kan janye nesa ƙwarai, mutane su bi shi da ƙafa, in ya juyo kuma yana cika ramukan da ke bayanka kafin ka ankara. Kada ku yi wannan tattakin sai da ɗan gari da kuma jadawalin ruwa, wanda ake samu a masauki. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya janyewa sosai, ana wanka kusan kowane lokaci, shi ya sa suka fi dacewa da masu koyo. Amma can ne Turawa suka fi yawa da shigarsu da mashayarsu, Kendwa kuma an san ta da casun dare. Ka nemi masauki a gefe, ka tambaya ƙarara ko ana kiɗa da dare da kuma yadda abincinsu yake.

Lokaci ma ka zaɓa da kyau. Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, ruwa ya gurɓace, hutun Afrilu bai dace ba. Yuni zuwa Satumba rani ne, amma iskar kudu tana kaɗawa kuma teku ya fi sanyi, wajen digiri 25. Disamba zuwa Fabrairu ya fi ɗumi, 28 zuwa 29. Saboda mai sikila mun fi son hutun Disamba, sai dai kuɗin masauki yana tashi daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Ko wane wata ne, da safe ake fita, kafin iska ta taso.

Wurin da kowa zai tallata maka shi ne Mnemba, a arewa maso gabas daura da Matemwe. Kifi kam akwai, amma tsibirin ba a sauka a kansa, daga kwalekwale ake shiga ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, jirage kuma suna yawa. Kada ya zama na farko. Kwana biyu na farko a bakin gaɓa, ruwa iya ƙirji, ana gwada kaya. Sai wanda ya yi minti goma fuskarsa a ruwa bai ɗago a firgice ba ne zai hau. Tsibirin Chumbe, kudu da birnin Zanzibar, an keɓe murjaninsa tun 1994, ana ƙayyade yawan baƙi a rana kuma da 'yan jagora ake shiga. Ya fi tsada, sai an yi rajista tun da wuri, amma ya fi natsuwa ga iyali. Kafin ka ba mai kwalekwale kuɗi ka ga riguna da idonka, ka tambaya ko akwai tsani na hawowa da rumfa, ko ɗan jagora zai shiga ruwa da ku yana jan tayar ceto da za a riƙe, ko kuɗin shiga wurin da aka keɓe yana cikin farashin. In ka ga an cika jirgi, ka sauka ko da kuɗinka zai tafi. In aka ce a yi tsalle a bi dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, ku kalla daga sama. Mai amai a mota zai yi a teku: ƙwayar hana amai rabin awa zuwa awa ɗaya kafin tashi, karin kumallo mara maiƙo, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu. Na cikin jirgi kuma ya jefa masa abin riƙewa, kada ya faɗa.

Ka gaya wa uwargida kada ta sa ran jan murjanin da ake sarƙa da shi. Wancan daga zurfin Bahar Rum ake samo shi. Na nan ruwan ƙasa ne da rawaya da shuɗi-shuɗi, kifayen ne masu launi. Kuma abu ne mai rai, ƙananan halittu ne da ke gina dutsen a hankali, wani nau'in santimita ɗaya kacal a shekara. Zafin teku na 1998 ya kashe da yawa a Tekun Indiya. Wanda ya taka shi ya karya aikin shekaru, ya kuma yanke ƙafarsa. Gilashi yana nuna abu ya fi girma kuma ya fi kusa, sai yaro ya miƙa hannu. A koya musu naɗe hannu a ƙirji. Ba a taɓawa, ba a ba kifi burodi, ba a ɗauko murjani ko katantanwa a jaka. Wata katantanwar mai tsini tana da dafi mai kisa.

Raunin da aka fi samu ƙayar bushiyar teku ce, baƙa mai dogayen ƙayoyi, shi ya sa kowa zai sa takalmin roba mai kauri. In ta soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi iya wanda fata ke jurewa, digiri 40 zuwa 45, na minti 30 zuwa 90, babba ya fara gwadawa da hannunsa, sannan a cire na waje da hantsaki. Wadda ta shige gaɓa sai asibiti. Harbin halittar nan mai yauƙi da ke shawagi a ruwa kuwa, da ruwan teku ake wankewa, ba na famfo ba, kuma ba a murzawa. Yankan murjani a wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, domin yana saurin ruruwa. Kumburin fuska ko wahalar numfashi bayan kowane irin harbi, a nufi asibiti kai tsaye.

Sallah ba matsala: ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Alƙibla dai a can arewa take kusan sak, ba gabas ba, agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Ranakun da ba a shiga ruwa akwai tsohon birni na Stone Town, da gonakin kanumfari, da birai a dajin Jozani, da manyan kunkuru a tsibirin Changuu.

Takardu su ne za su iya ɓata komai. Mai fasfo ɗin Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi. Najeriya tana cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu an tantance, don haka ka nema ta intanet aƙalla wata biyu kafin tafiya, kowa da tasa har auta, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Fasfo ya rage masa aƙalla wata shida. Kowa na buƙatar katin rigakafin shawara, wanda ba ya aiki sai allurar ta kwana goma. Tun Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga babba, sai ka tambaya a rubuce ko tana ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi kamar sikila. In ba ta ɗauka, ka ƙara wata. Jirgi daga Kano ko Abuja za ku hau, galibi a ya da zango a Addis Ababa. An hana shiga da leda Tanzaniya tun 2019, don haka jiƙaƙƙun kaya a tanadar musu jaka mai zif. Bizar ka fara nema a makon nan, koyon iyo kuma ya tafi tare da jiranta.